Wai Hitila ne ya kawo mana 'yancin kai?

Mushe Issoufou: Jiya a fada aka yi mini ca, to na maimaita. Da Hitila bai afka wa Poland a 1939 ba, da Nasara bai bar Nijar a 1960 ba. Cikin sati shida Jamus ta durƙusar da Faransa a 1940. Wanda ya sha wannan kashi, da wane ido zai dubi Damagaram?

Alhaji Laouali: Da idon da ya saba, Mushe. Mahaifina ya ce zamanin Pétain, shugaban Faransa da ya bi Jamus, aka fi shan wuya. An rufe iyaka, hanyar Kano ta mutu, fatake sai cikin dare suke ratsa daji.

Hadiza: Baba Alhaji ya yi gaskiya. A taron Brazzaville na 1944 Faransawa rubutawa suka yi cewa babu zancen mulkin kai. Disambar shekarar kuma sojan Faransa suka harbe sojojin Afirka a Thiaroye ta Senegal don sun nemi haƙƙinsu.

Mushe Issoufou: Dubi 1946, 'yata. Dokar Houphouët-Boigny ta soke aikin tilas, aka kafa jam'iyyar PPN a nan Nijar, aka kafa RDA, haɗakar jam'iyyun Afirka, a Bamako. Faransa ta fito yaƙi da bashi har wuya, duniya ta koma hannun Amurka da Rasha.

Sani: Gafarta Mushe, to yaƙin duniya na farko fa? Shi ma an kwashe samarinmu. Kaocen, jagoran tawayen Abzinawa, ya yi wa Agadas ƙawanya a Disambar 1916, daga nan Zinder aka tura sojan da suka kore shi. Me muka samu? A 1926 ma aka ɗauke mana babban birni zuwa Yamai. Su kuma can, bashin da aka ɗora wa Jamus a yarjejeniyar Versailles bayan yaƙin farko, shi Hitila ya riƙa tunzura mutane da shi.

Alhaji Laouali: Kada a manta sefa. Disambar 1945 aka haife ta, ita ma 'yar yaƙin ce, ga ta nan a aljihunka.

Hadiza: Amma fa wani abu ya tsaya mini. Fotugal ba ta shiga yaƙin ba, kuma ba ta saki Angola da Mozambik ba sai 1975.

Mushe Issoufou: Allah ya yi miki albarka! Kun ji ko?

Alhaji Laouali: Saurara tukuna. Da bindiga 'yan Angola suka fitar da su. Faransa ma sai da ta sha kashi a Dien Bien Phu ta Vietnam a 1954, Aljeriya ta kama da wuta, sannan jagoranta de Gaulle ya kira zaɓen raba gardama na 1958 kan ko a ci gaba da zama tare da Faransa. A nan ma da Djibo Bakary, shugaban gwamnatinmu na lokacin, ya ce a'a, me aka yi masa?

Sani: An kira la'asar. Mushe, kai ke da kuɗin sukari yau.