Emacs daga tagar umarni: git ba ya jira na, sudo kuma ba ya ganin saba

bazazzage_lnx:
Assalamu alaikum. Ina aiki da Emacs 29 a kan Ubuntu 24.04. Da yake fakitocin da ke init.el ɗina suna da yawa, `emacs fayil.txt` yana jan lokaci kafin ya buɗe, shi ya sa na koma `emacs --daemon` (saba, wato Emacs da ke ci gaba da aiki a bayan fage) da `emacsclient` mai haɗawa da ita. Na sa `export EDITOR="emacsclient -n"` a .bashrc. Yanzu in na buga `git commit` fayil ɗin yana buɗewa, amma kafin in rubuta komai git ya ce "Aborting commit due to empty commit message". Sannan `sudo emacsclient /etc/hosts` yana cewa bai samu soket ba, wato mahaɗar da yake bi ya isa ga sabar. Ina gyaran yake?

Malam_Lisp:
Wa alaikumus salam. Ta farkon dai `-n` ɗin nan ne. Aikinsa shi ne ya ce wa emacsclient kada ya jira. Shi kuwa git yana ajiye fayil ɗin .git/COMMIT_EDITMSG, ya kira editan, ya tsaya har editan ya fita, sannan ya karanta abin da aka rubuta. Da `-n` emacsclient na fita nan take, git ya tarar babu komai sai layukan da suka fara da #, ya fasa. Sa wannan a madadinsa:

`export EDITOR='emacsclient -t -a ""'`

`-t` yana buɗe Emacs a cikin tagar umarnin da kake ciki, `-c` kuma sabuwar taga mai hoto. `-a ""` na nufin idan ba a tarar da saba tana aiki ba, a tayar da ita sannan a haɗa, don haka ba sai ka riƙa tuna buga `emacs --daemon` ba. In ka gama rubutu, `C-x C-s` (C na nufin Ctrl) ka adana, `C-x #` ka sallami git. A tagar da emacsclient ya buɗe, `C-x C-c` tagar kawai yake rufewa, sabar na nan. Kashe ta gaba ɗaya sai da `emacsclient -e '(kill-emacs)'`, kuma wannan ba ya tambayar ka game da abin da ba ka adana ba, a kula.

In ka canja EDITOR abin bai canja ba, ka sani git yana duba GIT_EDITOR da farko, sai core.editor, sai VISUAL, EDITOR ne na ƙarshe. `git var GIT_EDITOR` zai nuna maka wanda ya zaɓa.

Hajara_sys:
Maganar sudo kuma, ɗan'uwa, sabar taka ce, ba ta root (babban mai iko a na'urar) ba. Tun Emacs 27 soket ɗin yana $XDG_RUNTIME_DIR/emacs/server, wato /run/user/1000/emacs/server ga mai amfani da lambarsa (UID) take 1000. Da ka sa sudo, emacsclient ya zama root, ya tafi neman ta root, babu. Kada ka tayar wa root da saba don wannan. Yi `sudoedit /etc/hosts`: zai kwafe fayil ɗin zuwa na wucin gadi, ya kira editanka da sunanka, in ka fita ya mayar da shi wurinsa. Yana duba SUDO_EDITOR, VISUAL, sannan EDITOR. Shi ma jira yake yi, don haka `-n` zai ɓata shi kamar yadda ya ɓata git. Na fi sa `SUDO_EDITOR="emacsclient -t"` kawai, saboda sudoedit ba ya bi ta bash wajen fassara alamun zance, `-a ""` ɗin bai cika isa daidai ba; `export ALTERNATE_EDITOR=""` yana yin aiki iri ɗaya. Daga cikin Emacs kuwa, `C-x C-f /sudo::/etc/hosts` ta TRAMP, fakitin Emacs mai buɗe fayil da sunan wani mai amfani, ya wadatar.

Malam_Lisp:
Haka ne, Malama, ALTERNATE_EDITOR ya fi tsafta.

dan_Damagaram:
Ƙari kan abin da suka faɗa. Idan ka mayar da tayar da sabar hannun systemd, mai tayar da ayyukan bayan fage a Linux, da `systemctl --user enable --now emacs`, ba za ta karanta .bashrc ba. Sai ka ga `M-x compile` bai san umarnin da ke ~/.local/bin ba alhali a bash yana aiki. PATH da LANG ɗin sabar su ne na lokacin da aka tayar da ita, ba na tagar da ka kira emacsclient ba. Duba da `M-x getenv`. LANG ɗin ya shafe mu sosai: in ba UTF-8 ba ne, musamman ta ssh, ƙ da ɗ da ɓ kan fito a matsayin alamar tambaya. Sa `(prefer-coding-system 'utf-8)` a init.el, ka kuma tabbatar `locale` na nuna UTF-8. Wanda allon madanninsa ba shi da ƙ, `C-x 8 RET 199` zai fito da shi. Lambar ɗ 257 ce, ta ɓ kuma 253.

Haka nan saba tana karanta init.el ne kafin a buɗe wata taga, don haka duk abin da ka ɗaure da `(display-graphic-p)` ba zai gudana ba. Girman rubutu ka sa shi a `default-frame-alist`.

Ranar da sabar ta ƙi tashi, `emacs -Q -nw` zai nuna ko laifin init.el ne, domin ba ya loda shi, `emacs --debug-init` kuma ya nuna inda ya karye. In saƙon ya ba ka lambar layi, `emacsclient -t +42 ~/.emacs.d/init.el` ba zai yi ba tunda babu saba. Yi `emacs -Q -nw +42 ~/.emacs.d/init.el`.