Ƙanena ya faɗo daga bene a wurin aiki, kamfani sun kawo takarda ya sa hannu, me ya kamata mu yi?

Yayan_Magini:
Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah masu sanin doka ku taimaka min. Yau kwana 10 kenan ƙanena ya faɗo daga hawa na biyu yana filasta, katakon da suka kafa a jikin bango ake tsayawa a kai ne ya karye da shi, ƙashin cinyarsa ya karye gida biyu sannan likita yace akwai tsagewa a ƙashin baya, yanzu haka ko zama baya iyawa sai an tallafe shi, ga mata da yara uku. Ɗan kwangilar da ya ɗauke shi ya biya kuɗin asibiti na kwanakin farko, to jiya sai ga foman ɗinsu da wata takarda da ɗan kuɗi a ambulan wai ya sa hannu shikenan magana ta ƙare, kuma yana ta nanata cewa ai laifinsa ne tunda bai ɗaura bel ɗin tsaro ba, alhali wallahi ƙanen nawa yace tunda ya fara aikin ko sau ɗaya ba a taɓa basu bel ba. Ba shi da takardar ɗaukar aiki, kuɗin yini ake biyansa. Mutum irin wannan yana da wani haƙƙi a doka ko mu karɓi abin da suka kawo mu barwa Allah?

Hajiya_Inshora:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba shi lafiya, ya sa kaffara ne. Ɗan uwa kafin komai kada ya sa hannu a takardar nan, ku ce sai kun karanta, ku ɗauki hotonta a waya ku ajiye. Kwana 10 yayi kaɗan a san ƙarshen raunin ƙashin baya, likitan ma bai gama sanin ko zai koma aikin ƙarfi ba, ta yaya za a yi wa abin da ba a san iyakarsa ba kuɗi?

Baka faɗi ƙasar da kuke ba kuma kowace ƙasa da dokarta, amma yawancinsu tsari ɗaya suka bi. Akwai diyyar ma'aikata wadda ba a tambayar laifin wa ne, tunda dai a bakin aiki raunin ya same ka to ka cancanta, ko da kai ne ka yi kuskure. Jamus ce ta fara wannan tsari a 1884, Ingila ta biyo a 1897, kuma dalilin kafa shi kenan, don a da sai lebura ya tabbatar wa kotu cewa maigidansa ne yayi sakaci, talaka kuwa ina ya ga kuɗin wannan shari'a. Don haka maganar foman ta bel bata hana shi diyya ta wannan hanyar. Bel ɗin ma ai su ne da alhakin samar da shi, yarjejeniyar hukumar ƙwadago ta duniya mai lamba 167 ta 1988 kan tsaro a wuraren gini ta ce mai aiki ne zai ba ma'aikaci kayan kariya ba tare da ya biya ko sisi ba.

In misali a Najeriya ne, dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ce ke aiki, hukumar gwamnati ta inshorar ma'aikata wato NSITF ke riƙe da asusun diyyar, masu kamfani ke zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da suke biya kuma haramun ne su cire daga kuɗin ma'aikaci. Dokar ta haɗa da mai aikin wucin gadi da ɗan koyo da wanda aka ɗauka da baki ba takarda. Sannan ta ce duk wata yarjejeniya da ma'aikaci zai yi da maigidansa ta yafe diyyarsa bata da inganci. Amma akwai wa'adi, ma'aikaci ko iyalinsa su sanar da mai aiki cikin kwana 14, mai aiki ya kai rahoto ga hukuma cikin kwana 7, neman diyyar kuma cikin shekara ɗaya. Shi yasa nake so yau ɗin nan ku rubuta sanarwa, rana da lokaci da wurin da abin ya faru da irin raunin, ku kai musu ku riƙe kwafi.

Tsohon_Birkila:
Ɗana ka ji maganar Hajiya. Ni abin ya faru da ni, bulo ne suka rufto min a kafaɗa daga sama, ina kwance aka kawo min takarda na dangwala saboda gida babu abinci kuma ina jin nauyin mai aikin, kuɗin basu kai wata biyu ba, shi kuwa hannun har yau baya ɗaga bokitin siminti. Da na koma musu sai suka nuna min takardar, ni kuma ban san akwai inda ake kai kuka ba sai na haƙura. Abin da yafi min ciwo abokan aikin da suka ga komai duk sun watse bayan an gama ginin, ko lambar mutum ɗaya ban riƙe ba. Ku je ku samu waɗanda suke wurin tun yanzu. Yarda da ƙaddara bata hana mutum neman haƙƙinsa, yaran nan uku haƙƙinsu ne.

Dalibin_Shari'a:
Allah ya ƙara sauƙi. Ƙari kan abin da Hajiya ta faɗa, akwai hanya ta biyu wato shigar da ƙara kan sakaci. Nan kam sai ka kawo hujja, tana ɗaukar lokaci, kuma in kotu ta ga shima yana da nasa kason laifin a ƙasashe da yawa rage kuɗin ake yi gwargwadon kasonsa, amma tana iya biyan abin da asusun diyya baya biya kamar raɗaɗi da wahalar da ya sha. A wurare da dama in ka karɓi diyyar asusu ba zaka sake kai maigidanka kotu kan rauni ɗaya ba, haka yake a kusan duk jihohin Amurka, to sai an yi lissafi da lauya kafin a zaɓa.

Abin da mutane ke mantawa shine wurin gini ba mutum ɗaya ke da hannu ba, akwai mai ginin, akwai babban ɗan kwangila, akwai ƙananan da ya rabawa aiki, akwai wanda ya bada hayar kayan. Waye ya kafa katakon nan da ya karye? In wani kamfani ne daban da wanda ya ɗauki ƙaninka, ana iya bin sa shi kaɗai da ƙara. A jihar New York ma tun 1885 suna da doka ta musamman da ke ɗora alhakin faɗowa daga sama kan mai gini da ɗan kwangila. Wa'adin ƙara shima ya bambanta, a Ingila shekara 3 ne ga ƙarar rauni.

Yayan_Magini:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba Allah ya baka lafiya, maganarka ta taɓa ni. Mun fasa sa hannun. Amma tunda ba takardar aiki, in suka ce basu san shi ba fa? Kuma gaskiya bamu da kuɗin lauya.

Hajiya_Inshora:
Ai sun riga sun shaida da kansu, wanda bai san mutum ba baya biya masa kuɗin asibiti ya aiko foman da ambulan. Ku nemi rasit ɗin asibitin da sunan wanda ya biya, saƙonnin waya da ake kiransa aiki, alat na banki in ta waya ake turo masa kuɗi, littafin da foman ke rubuta sunayen masu aikin yini, da hoton katakon in basu kwashe ba. Ku roƙi likita ya rubuta a rahotonsa cewa faɗowa ce a wurin aiki, ku ajiye duk hoton ƙashi da aka ɗauka da rasit ɗin magani har na mota. Kai ƙorafi ofishin ma'aikatar ƙwadago baya buƙatar lauya, ku fara da can, sannan ku tambayi ƙungiyar ma'aikatan gini da ofishin taimakon shari'a na gwamnati in ƙasarku na da shi. In kamfanin suka sake ba da wani kuɗi na magani ku karɓa, amma a rubuta a fili cewa na jinya ne kawai, kuma kai ka karanta kafin ya sa hannu.