Neman kalma: me za mu kira "mummy" ta Masar da Hausa?

Assalamu alaikum jama'a. Taimako nake nema a wurin masu Hausa, musamman iyayen da ke koyar da 'ya'yansu a gida.

Shekara ta biyu ke nan ni ce malamar yarana uku. Da safe lissafi da Turanci, bayan la'asar su tafi Islamiyya, ranar Alhamis kuma mu yi tarihin mutanen da. Tun farko na ɗaukar wa kaina cewa darasin tarihi da Hausa zan riƙa ba su, ko da littafin da ke hannuna na Turanci ne. Fir'auna bai ba ni wahala ba, Kogin Nilu ma haka. Da muka zo kan gine-ginen Giza na ce dala, na nuna musu tsohon hoton dalar gyaɗa ta Kano, nan take suka gane. Sai makon jiya muka iso kan mummy. Ina buɗe shafin na ce "kun ga wannan, ita ce mummy." Autana, ɗan shekara biyar, ya dubi hoton, ya dube ni, sai ya fashe da kuka. Momi yake ce mini.

Kafin ku fara kawo kalmomi, bari in faɗi abin da muke nema wa suna, don kada mu sa wa jariri suna ba mu ga fuskarsa ba. Mutanen Masar na da sun yi imani cewa ruhu yana buƙatar gangar jikinsa bayan mutuwa, saboda haka suka ƙware a hana gawa lalacewa. Aikin kan ɗauki kwana 70. Ana zaro ƙwaƙwalwa ta hanci, a tsaga ciki ta hagu a fitar da hanta da huhu da tumbi da hanji, kowanne a sa shi a tulunsa, tuluna huɗu. Zuciya kam ana barin ta a ƙirji, don a ganinsu ita za a ɗora a sikeli a lahira. Daga nan a binne jikin cikin wani farin gishiri da suke haƙowa a Wadin Naɗrun, ya yi kamar kwana 40 har ruwan jiki ya tsane ƙaf. Sai a shafe shi da mai da ƙaro, a naɗe shi da tsummokaran lilin, naɗi a kan naɗi. Ba sarakuna kaɗai ba, har kyanwa da kada an yi wa haka.

To me za mu ce da Hausa, wanda yaro zai riƙe kuma babba ba zai yi dariya ba?

Amsa daga wata malamar firamare, Zariya:
Wa alaikumus salam Hajiya. Ni dai "busasshiyar gawa" nake ce wa ɗalibaina. Ba wahala, kowa ya san bushewa.

Malama na gode. Da ita na lallashi autan a ranar, kuma ta yi aiki. Abin da ya sa ban tsaya a kanta ba, bayani ce, ba suna ba. Gwada ki ce "an mayar da busassun gawarwaki 22 sabon gidan tarihi," sai mai sauraro ya ɗauka labarin fari ne ko na matafiyan da ƙishirwa ta kashe a hanyar Agadas. Alhali maganar bikin da aka yi a Alƙahira ce a watan Afrilun 2021, lokacin da aka kwashe sarakuna 18 da sarauniyoyi 4 daga gidan tarihin dandalin Tahrir zuwa sabon da ke Fusɗaɗ, kowanne a motarsa, da kiɗa da jiniya kamar hawan salla. Kuma babbar 'yata ta ce ita kilishi take tunowa.

Amsa daga wani ɗan jarida, Kaduna:
Me zai hana "adanannar gawa" ko "naɗaɗɗiyar gawa"?

Ranka ya daɗe, wadda ke firjin asibiti ma adananniya ce. Naɗi kuwa, wane musulmi ne ake kaiwa makwanci ba a naɗe shi a likkafani ba? Su biyun ba su raba ta da sauran gawarwaki ba.

Amsa daga wani malamin Larabci, Damagaram:
Hajiya, kalmar ba ta Bature ba ce da za ki guje ta. Asalinta Farisanci ne, "mum" wato kakin zuma, daga nan "mumiya", wani baƙin abu mai kama da kwalta da ake magani da shi. Larabawa suka ɗauka suka sa wa gawarwakin nan, don sun gan su baƙi ƙirin kamar an shafa musu shi. Daga Larabci ta shiga Latin, Faransawa suka ce momie, Ingilishi suka ce mummy. Mu da muka karɓi Fir'auna da Masar da Rum daga Larabci, me zai hana mu ce mumiya, jam'i mumiyoyi? Har ta zauna a baki kamar tsintsiya da tunkiya.

Allah ya gafarta Malam, wannan hujja ce mai ƙarfi, kuma na ƙaru. Kwana biyu na yi ina ganin magana ta ƙare. Ranar Asabar na gwada ta. Na karanta wa yaran aya ta 92 a Suratu Yunus, inda Allah ya ce zai kuɓutar da jikin Fir'auna ya zama aya ga na baya, na ce musu masana sun saɓa kan ko wane ne, wasu na cewa Ramsis na Biyu, wasu ɗansa Marnifta, kuma dukansu biyun mumiyarsu na nan a Alƙahira. Sai na tsakiyan, ɗan shekara takwas, ya ɗaga hannu kamar yana aji: "Momi, yaya Fir'auna zai zama mumini?" Harafi ɗaya ne tsakanin mumiya da mumina, kunnen yaro kuwa wadda ya sani yake kamawa. Na gudu daga Momi na faɗa mumina. Zan riƙe ta a gefe saboda ranar da za su buɗe littafin Larabci, amma ba ita zan sa a gaba ba.

Amsa daga wata dattijuwa, Gashuwa:
'Yar nan, wannan gishirin da kike ta kewaye-kewaye a kai, ai kanwa ce. Mu nan ƙasar Barno da ita muka tashi, daga bakin Tafkin Cadi ake kawo ta. Ki ce "gawar kanwa" ki huta.

Inna, Allah ya ƙara girma. Wallahi da na karanta wannan sai da na miƙe tsaye. Gaskiya ne, abin da suke kira natron shi ne kanwarmu, ɗan bambancin gauraye ne kawai daga wannan tafki zuwa wancan. Na shiga kicin na ɗauko ƙullin da nake jefawa a wake, na ajiye a gaban yara na ce "da wannan aka busar da Fir'auna." Ba su taɓa yin shiru a darasina irin na ranar ba. Har mun yanka tumatir biyu, ɗaya mun binne shi a dakakkiyar kanwa, ɗaya mun bar shi a faranti, muna duba su kowace safiya. Na farantin ya riga ya yi funfuna. Babbar kuma ta gano da kanta cewa alamar Na da ake rubuta wa sinadarin sodiyam daga sunan nan natron ta samo tushe, ta yini tana yi wa ƙannenta yanga.

Ina son wannan kalma ƙwarai, daga madafa ta fito, kuma tana ɗauke da darasin a cikinta. Sai dai abu biyu sun tare ta.

Na farko, ba kowace mummy ce ta ga kanwa ba. Tun kafin Misirawa su koyi aikin, rairayin hamada mai zafi yana busar musu da matattu, akwai irin wannan gawa daga Gebelein a gidan tarihin Birtaniya da ta haura shekara 5,000. Mutumin da aka tsinta a tsaunukan Alps a 1991, wanda ake kira Otzi, ƙanƙara ce ta riƙe shi. Mutanen Chinchorro a gaɓar tekun Chile sun riga Masar fara gyara gawa, da tasu dabarar. Nan kusa da mu ma, a kudu maso yammacin Libiya, an tono gawar wani yaro a Uan Muhuggiag a 1958, ita ma ta girmi dalolin Giza. Idan na ce musu duk gawar kanwa ce, na koya musu kuskure.

Na biyu kuwa ya fi ban tsoro. Na tura wa yayata saƙo cewa "yau mun yi darasin gawar kanwa." Ko minti ɗaya ba a yi ba ta kira ni murya na rawa tana salati, wace ƙanwar? Mun saba rubuta ƙ da k a waya, har idon mai karatu ya koyi sa ƙugiyar da kansa.

Amsa daga wani ɗalibin jami'a, Sakkwato:
Anti, ni fa ina ganin ana wahalar da kai. Mummy, mumiya, momie, duk kanwar ja ce. Jarrabawa da Turanci za su rubuta.

Ƙanena, za su rubuta, kuma kalmar Turancin na nan a littafinsu ba ta gudu ba. Amma in yaro ya je gidan kakarsa tana tambayarsa me aka koya masa, ina so ya iya ba ta labari ba tare da ya sauya harshe a tsakiya ba.

Amsa daga wani tela, Kurmi:
Hajiya ni ba ɗan boko ba ne, amma Bahaushe in zai sa wa abu suna, halinsa yake dubawa. Mai taurin kai mun ce ƙi-faɗi. Wanda ciwo ya cinye bai mutu ba mun ce gawa-ta-ƙi-rami. Wannan ai ƙi-ruɓe ce.

Maigida, Allah ya yi wa sana'a albarka. Na jefa ta a kowace jimla da ta ba ni wahala a sama, ba ta karye ba. Ƙi-ruɓen Masar. Ƙi-ruɓen ƙanƙara. An kai ƙi-ruɓen Ramsis na Biyu Faris a 1976 don a yi mata maganin funfuna. An mayar da ƙi-ruɓe 22 Fusɗaɗ, ba sai an nemo mata jam'i ba. Ba ruwanta da ko kanwa ce ta yi aikin, ko rairayi, ko sanyi.

Har ta ɗauke mini darasin da ke gabanmu, inda Masar da Rum suka haɗu. Bayan mutuwar sarauniya Kiliyobatra a shekara ta 30 kafin Miladiyya, Masar ta koma lardin daular Rumawa. Su Rumawan wancan zamani galibi ƙona matattunsu suke yi su zuba tokar a tulu. Amma a Masar al'adar ba ta mutu ba, sai ma ta yi sabon salo: a naɗe gawa irin ta da, sannan a zana fuskar mamacin a kan siririn allo da fenti haɗe da kakin zuma, a ɗaura a wurin fuskar. An samu ɗaruruwan irin waɗannan a yankin Fayyum, mata da 'yan kunne da gyaran gashi irin na matan birnin Rum, samari da gashin baki bai gama fitowa ba. Kana dubansu suna dubanka. Gobe zan ce wa yara "ƙi-ruɓe mai hoto," na san ba wanda zai tambaye ni me nake nufi.

Amsa daga malamin Larabcin, Damagaram:
Kalmar ta yi daɗi, amma a yi hattara. Ya zo a hadisi cewa Allah ya haramta wa ƙasa cin jikin annabawa. Kada yaro ya haɗa wannan daraja da gawar Fir'auna. Sannan ke da kika kori gawar kanwa saboda ƙugiya, in aka rubuta wannan babu ƙugiya ai "ki rube" ta zama, baki ne ake yi wa mace.

Malam, na farkon na karɓa hannu biyu, kuma zan faɗa musu a fili: waccan karama ce daga Allah, wannan kuwa fata ce da ƙashi da aka yi wa dabara, baƙa, a ƙandare, ba ciki ba ƙwaƙwalwa. Sunan ma da ɗan shaguɓe a cikinsa, irin na ƙi-faɗi, ba wanda zai kai shi inda ake girmamawa.

Na biyun na yi dariya har yara suka leƙo. Amma akwai bambanci. Gawar kanwa, ko na rubuta ta daidai, mai karatu na iya ɓata ta, tunda daidai ɗin nata ba ƙugiya. Ƙi-ruɓe kuwa in an sa mata ƙugiyoyinta biyu da karan tsakiya, ba ta da wata fuska. Laifin sai ya koma kan mai kasalar rubutu, kuma Gboard, allon rubutu na waya, na da Hausa, danna k ka riƙe, ƙ za ta fito.

Ga abin da babbar 'yata ta rubuta a littafin kalmominmu yau da yamma: ƙi-ruɓe, gawar da ta daɗe ba ta lalace ba, da Larabci mumiya, ta Masar da kanwa ake yin ta. Inna, gawar kanwa na nan a bakinmu in muna hira, a rubuce ne kawai na hana.

Autan ya daina kuka. Jiya na same shi ya naɗe 'yar tsanar yayarsa da bandejin akwatin magani, wai ƙi-ruɓe yake yi, yana neman inda na ɓoye kanwa.

Alhamis ta sama za mu shiga birnin Rum, kan dogayen gadojin nan da suka gina don jawo ruwa daga tsaunuka zuwa cikin gari, waɗanda ake kira aqueduct. Na rubuta "magudanar sama" da fensir. Maigida tela, kada ka yi nisa.