Tayoyin hunturu da wili na a-kori-kura: abin da 'yan uwa mazauna Kanada suka gani

Mai tambaya, Winnipeg: Assalamu alaikum. Ford F-150 ce mai giyar ƙafa huɗu, tayoyinta 275/55R20. Dusar ƙanƙara ta kusa. In sa tayoyin hunturu a kan wilin da ta zo da shi, ko in sayi wani wili daban? Wasu kuma na cewa tunda tana ja da ƙafa huɗu ba sai an canza komai ba.

Bakanike, Winnipeg: Wa alaikumus salam, Malam. Maganar ƙafa huɗu a ajiye ta gefe. Tashi take taimaka wa mota, ba ta ƙara wa birki komai. Da sanyi ya sauko ƙasa da digiri 7, robar taya ta yau da kullum sai ta fara sandarewa, ta hunturu kuwa tana nan da taushinta, ga ƙananan tsage-tsage a jikin zanenta da ke kama ƙanƙara. Huɗu za ka saya, iri ɗaya. Wanda ya sa biyu a baya kawai, sitiyari zai ƙi jin magana a kwana. Wanda ya sa a gaba kawai, bayan motar ne zai juyo.

Shawarata ka sauko daga wili mai inci 20 zuwa mai inci 17, ka sa taya 265/70R17. Tsayin tayarka ta yanzu kusan milimita 810 ne, wannan kuwa 803, bambancin bai kai kashi 1 cikin ɗari ba, don haka agogon gudu da ABS (na'urar hana ƙafa kullewa idan an taka birki) ba za su rikice ba. Ta fi araha, gefenta ya fi tsawo don ramukan da ke fitowa idan ƙanƙara ta fara narkewa, kuma ta ɗan fi siranta, sai ta fi ratsa dusa mai ruwa-ruwa. Amma a gwada wili ɗaya a ƙafar gaba kafin ka biya, a tabbata bai goga kalifar birki ba. Masu sabuwar Ram 1500 daga 2019 da masu Tundra daga 2007 kada su ɗauki wannan shawarar, birkinsu babba ne, yawanci daga inci 18 suke farawa.

Mai sayar da kayan gyara, Calgary: Inda mutane suka fi asarar kuɗi shi ne wilin hannu da ake tallatawa a Facebook. Mutum ya ƙirga huji shida ya ce ya dace. F-150 tana da 6x135, wato huji shida a kan da'ira mai faɗin milimita 135. Silverado da Sierra 1500, da sabuwar Ram 1500, 6x139.7 ne. Ido ba ya raba su, amma ba sa shiga na juna. Ko tsakanin masu 6x139.7 ɗin ma ramin tsakiya ya bambanta: na Silverado milimita 78.1 ne, ba zai zauna a kan tsohuwar Tacoma mai 106.1 ba. Na F-150 87.1 ne. Idan ramin ya fi naka faɗi, a sa zoben cike giɓi, in ba haka ba sitiyari zai riƙa rawa da ka kai wajen kilomita 100 a awa, ka yi ta zargin balansin.

Sai noti. Wilin alminiyam na Toyota yana amfani da noti mai shimfiɗaɗɗen gindi da wasa, yawancin wilin kasuwa kuwa mai tsinin gindi suke so. Ka haɗa su ba daidai ba, notin zai saki a hanya. A kuma duba nauyin da aka buga a bayan wilin, domin akwai na ƙananan jif da ba su kai lodin a-kori-kura ba.

Direba, Edmonton: Wilin ƙarfe ya ishe ka, Yaya. Gishirin titi zai sa shi tsatsa, amma idan ya daki gefen kwalbati lanƙwasa yake yi a buga a miƙe, na alminiyam tsagewa yake. Riba ta biyu, ba za ka riƙa biyan kuɗin cire roba da mayarwa sau biyu a shekara ba, wanda ke cin bakin tayar.

Bakanike, Winnipeg: Haka ne. Ƙari a kan wannan, na'urar auna iska da ke cikin wili. Ko ka sayi guda huɗu sababbi, ko ka haƙura da fitilar gargaɗi duk hunturu. Akwai mai 315 MHz, akwai mai 433 MHz, ka ba mai shago shekarar motar da lambar bodinta. Ɗaurin noti na F-150 daga 2015 shi ne 150 lb-ft, da sifana mai awo, kuma a sake dubawa bayan kilomita 80 zuwa 100. Tukuna a kankare tsatsar da ke fuskar hob, wato inda wili yake zama, da buroshin waya, ita ce ke sa noti ya yi kamar ya ɗauru alhali bai zauna ba.

Mai jan tirela, Saskatoon: Ban ji an taɓo P da LT ba, wato tayar motar fasinja da tayar motar ɗaukar kaya. Wanda motarsa ta zuwa aiki da cefane ce, P ta fi masa, ta fi taushi kuma yawanci ta fi riƙe ƙanƙara. Sai dai a kan a-kori-kura ana raba nauyin da aka rubuta a jikinta da 1.1, sannan a haɗa na tayoyin baya biyu a gwada da abin da takardar jikin ƙofar direba ta ce gatarin baya zai ɗauka. Mai F-250 ko mai jan tirela ba shi da zaɓi, LT mai harafin E, alamar ƙarfin ɗaukar nauyi, irin Blizzak LT, Hakkapeliitta LT3 ko Grabber Arctic LT. Duk wanda ya koma LT daga P ya sani tana buƙatar iska fiye da abin da ke jikin ƙofa kafin ta ɗauki nauyi ɗaya. Ka bar ta a psi 35 da lodi, zafi za ta yi.

Iskar ma raguwa take, kusan psi 1 duk sanda sanyi ya ƙaru da digiri 5 zuwa 6. Idan an yi famfo a cikin gareji mai ɗumi, a sake aunawa a waje da safe.

Mazaunin Montreal: A Quebec sa tayar hunturu doka ce, daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris, kuma sai mai tambarin dutse mai kai uku da dusa a ciki, ko mai ƙusa, wato wadda aka dasa wa ƙananan ƙusoshi a zanenta. Alamar M+S (laka da dusa) kaɗai ba ta wadatar. Amma ku lura, Alhaji, tayoyin daji irin KO2 ma suna da tambarin. Gwajinsa na ja ne a kan dusar da aka danne, ba a gwada birki a kan ƙanƙara mai sheƙi. Sun cika doka, amma a danja inda motoci suka goge ƙanƙara ta yi sumul ba sa tsayawa kamar Blizzak DM-V2 ko X-Ice.

Direba, Thunder Bay: Ƙusoshi suna da amfani ga mai bin hanyoyin ƙauye da ba a watsa wa gishiri. A busasshiyar kwalta ƙara ce kawai. Manitoba ta yarda da su daga 1 ga Oktoba zuwa 30 ga Afrilu, a Ontario kuwa mazauna arewa aka ba wa dama. Sababbi a lallaɓa su kilomita 500 na farko, ba tashi da ƙarfi, ba birkin gaggawa, don su zauna.

Bayan a-kori-kura ba shi da nauyi idan babu kaya. Buhunan yashi kilo 100 zuwa 150 daidai saman gatarin baya, a ɗaure. Kada a tura su can bakin ƙofar baya, gaba ne zai yi sakayau.

Mai sayar da kayan gyara, Calgary: Idan ta hannu za ka saya, karanta lambobi huɗu na ƙarshen lambar DOT da ke gefen tayar, su ne lokacin da aka ƙera ta: 3521 na nufin mako na 35 na 2021. Zanen da ya sauko milimita 4 ya gama aikin hunturu. DM-V2 ma tun kafin nan, domin robarta ta musamman kashi 55 na saman zanen ne kawai. Tunda kana Manitoba, tambayi shagon ko yana cikin shirin MPI, kamfanin inshorar motoci na gwamnatin Manitoba, na rancen tayoyin hunturu, har da wili da na'urar iska.

Mai tambaya, Winnipeg: Allah ya saka da alheri. Ranar Asabar zan kai ta a gwada inci 17 ɗin a gaba. Safayar fa, a bar ta yadda take?

Bakanike, Winnipeg: Bar ta, amma sauke ta yanzu ka shafa wa wayar da ke riƙe ta a ƙarƙashin mota giris, ka duba iskarta. Gishiri yana cinye wayar, a watan Janairu ba za ta sauko ba.