Neman shawara: ruwa na kwanciya a garejina idan ƙanƙara ta narke

Baban Amira: Assalamu alaikum 'yan uwa. Bara muka sayi gida a Kalgari, ƙasar Kanada, wannan ne hunturunmu na farko a cikinsa. Duk daren da na shigo da mota, dusar ƙanƙarar da ta maƙale a ƙarƙashinta sai ta narke, da safe in tarar da ruwa kwance a kusurwar bangon kicin, gishiri ya bushe fari fat a daɓen. Ranar da iskar Chinook, wato iska mai ɗumi da ke narkar da ƙanƙara, ta kaɗa kuwa, har daga waje yake shigowa ta ƙarƙashin ƙofa. Buhun shinkafa guda na yi asara. Wani mai gyaran famfo ya ce a fasa daɓen a sa rariya a tsakiya, kuɗin da ya yanka sai da na nemi wurin zama. Don Allah ku ba ni shawara.

Injiniya: Wa alaikumus salam. Malam, kada ka taɓa daɓen tukuna. Ruwa biyu ke damunka, kowanne da maganinsa. Na waje, fara duba indararon rufinka. In a bakin gareji yake zubarwa, ƙara masa bututu ya kai ruwan kan ciyawa, nesa da gini, sannan ka canja robar ƙasan ƙofa.

Na ciki kuma maganar gangare ce. Daɓen gareji ana karkata shi wajen ƙofa, kamar santimita 1 zuwa 2 a kowace mita, wato gareji mai mita 6 bayansa ya ɗara bakinsa da santimita 6 zuwa 12. Tunda naka kusurwa yake tarawa, ina zargin ƙasan wurin ta zauna. Zuba bokitin ruwa a tsakiya ka ga inda zai nufa. In haka ne, rariyar tsakiya ba za ta amfane ka ba, ruwa ba ya hawa tudu. Akwai masu huda ƙananan ramuka su ɗura kumfa mai kumbura ta taurare a ƙarƙashin kankaren ya ɗago.

Maman Hanif: Mu a Winifeg tabarmar roba mai baki muka shimfiɗa, mota ta hau kai, ruwan ya tsaya a ciki, maigida ya zuƙe da injin shara mai shan ruwa. Kuma ka kakkaɓe ƙanƙarar bayan tayoyi kafin ka shigo. Shinkafa dai a ɗora ta kan kanta, Baban Amira!

Alhaji na Edmanton: Ƙari kan maganar Injiniya. Ko za ka sa rariyar, je ofishin birni ka nemi izini. Ruwan gareji da baƙin mai da gishiri yake tafe, kwatar titi kuma ba ta bi ta matatar ruwa, kogin Bow da ya ratsa Kalgari take nufa. Ni kwata mai murfin ƙarfe na sa a bakin ƙofa ta waje. Da ruwan sama lafiya lau, amma a Janairu daskarewa take yi kamar dutse. Gishirin nan ma ka riƙa share shi, yana ɓarfe fuskar kankare.

Baban Amira: Allah ya saka da alheri. Na zuba bokitin yanzu, kai tsaye kusurwar ya tafi. Indararon ma a bakin ƙofa yake zuba. Injiniya, aikin kumfar nan ana yi cikin sanyi, ko sai ƙasa ta saki?

Injiniya: Bari ƙasa ta saki, wajen Mayu. Kafin nan sayi tabarmar Maman Hanif.