Muhawara: Shin Abin da Kimiyya Ke Faɗa Ra'ayi Ne Kawai?

Dattijo: Jama'a, abin da nake riƙe da shi shi ne, maganar masana kimiyya ra'ayi ce kamar ta kowa, domin yau su faɗi abu, gobe su warware shi. Shekara da shekaru likitoci suna cewa damuwa da yawan tsami a ciki su ke jawo olsa, daga baya suka sauya baki. Wanda maganarsa ke canzawa haka, da wace hujja zai nemi mai imani ya sallama masa?

Likita: Baba, misalin da kuka kawo ya cancanci a duba yadda sauyin ya faru. A shekarar 1982, Barry Marshall da Robin Warren, likitoci a Ostareliya, sun ware wata ƙwayar cuta mai suna Helicobacter pylori daga tumbin marasa lafiya, suka ce ita ce ke jawo olsa, amma takwarorinsu suka ƙi yarda, saboda an ɗauka cewa babu ƙwayar da za ta iya rayuwa cikin tsamin ciki. A 1984 Marshall ya sha ƙwayar da kansa, cikinsa ya kumbura. Daga nan likitoci a ƙasashe daban-daban suka ba masu olsa maganin kashe ƙwayoyin cuta, suka ga gyambon yana warkewa, a mafi yawan lokuta ba ya dawowa. An ba mutanen biyu kyautar Nobel a 2005. Abin da ya sauya hukuncin sakamakon gwaji ne wanda wasu suka maimaita suka samu daidai, alhali ra'ayi kan sauya ne da sauyin son rai ko da iya lafazin mai magana.

Malamin kimiyya: Ina goyon bayan Likita, kuma ina da ma'aunin da nake amfani da shi. Duk wanda ya kawo magana, a tambaye shi abin da, idan an gani, zai nuna cewa ya yi kuskure. A 1915 Einstein ya ce nauyin rana yana lanƙwasa hasken taurarin da ya gifta ta gefenta, har ya faɗi gwargwadon lanƙwasar. Ranar 29 ga Mayu, 1919, masanin taurari Arthur Eddington ya auna hakan a tsibirin Firinsife, da ke gaɓar yammacin Afirka, lokacin husufin rana. Da awon ya saɓa, da maganar ta faɗi. Wanda ya ce babu abin da zai taɓa ƙaryata zancensa, to ba a fagen awo yake ba.

Ɗalibin ilmin addini: Malam, ban musa ba, sai dai ina so a yi adalci, domin cakuɗa ra'ayi da tabbataccen abu yana faruwa a ɓangarorin biyu. Cewa sararin samaniya yana faɗaɗa abu ne da aka auna: Georges Lemaître ya lissafa shi a 1927, Edwin Hubble ya kawo awon da ke ƙarfafa shi a 1929. Amma idan masani ya ɗora da cewa saboda haka babu Mahalicci, ya bar abin da na'urarsa ta nuna ya shiga falsafa, kuma digirinsa ba ya mayar da wannan jimlar hujja. Shi kansa Lemaître limamin Katolika ne, amma lokacin da Fafaroma Pius na 12 ya danganta binciken da tabbatar da halitta a 1951, bai ji daɗin haɗa biyun ba. A namu ɓangaren kuma, Imam al-Ghazali, wanda ya rasu a 1111, ya yi gargaɗi cewa mai musun bayanin masu lissafi kan husufi da sunan kare addini, cutar da addinin yake yi, domin wanda ya san lissafin zai fara shakkar addinin ne, ba lissafin ba.

Dattijo: Kun yi bayani mai kyau, 'ya'yana, amma akwai saura. Ni ban taɓa leƙa madubin ƙara girma ba, ban kuma auna hasken tauraro ba. An gaya mini ne na karɓa. To ina bambancin wannan karɓa da imani?

Likita: Gaskiya ne, Baba, kowannenmu yana dogara da abin da bai gwada da hannunsa ba, har mu likitoci. Bambancin shi ne ƙofar gwajin a buɗe take, kuma mai binciken da ya kama kuskuren wani daraja yake samu, saboda haka akwai masu neman kuskuren da gaske. Shi ya sa nake bambanta abin da bincike guda ya nuna jiya da abin da aka daɗe ana ƙoƙarin rushewa ya ƙi rushewa.

Dattijo: Na karɓi batun olsa da na husufi. Amma idan aka zo da sabon bincike guda ɗaya aka ce kimiyya ta tabbatar, zan tambaya su wane ne suka maimaita shi kafin in amsa.