Neman shawara: yaya zan riƙa kai Hajiyarmu babban kanti a keken marasa lafiya ba tare da ta wulaƙanta ba?

Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah admin a sakar min ba suna, shawara nake nema.

Mu a Makka muke, wajen Shari' Mansur, gidan a kan dutse yake sai an hau matakala. Hajiyarmu mahaifiyata ta haura 70, bara ta samu shanyewar ɓarin jiki, Alhamdulillah baki ya dawo hannun dama ma yana aiki amma tafiya sai a keke. Matar nan tun muna yara ita ke cefanen gidanmu, har kasuwar Ka'akiyya take zuwa da kanta saro kayan miya, ba ta yarda wani ya zaɓo mata ko tumatur ɗaya ne. Toh yanzu duk ƙarshen wata sai ta ce a kaita babban kanti ta yi sayayyarta da hannunta, ni ma ina so wlh amma abin da muke gani ne yake karya min zuciya.

Kantin da ke kusa da mu sun kakkafa ƙarafuna a bakin ƙofa don kar a fita musu da arabiyar kaya (kwandon sayayya mai taya), keke baya wucewa ta tsakani, sai na bar ta a rana na shiga neman mai gadi ya zo da mukulli ya buɗe wata ƙofa ta gefe. Gangaren da suka yi na keke ya miƙe tsaye da yawa kuma kusan kullum akwai motar da ta toshe bakinsa. In mun shiga kuma kwalayen rangwame ne jibge a tsakiyar hanya, mai da madara a can sama, farashi an rubuta shi ƙanana ba ta gani, ga ni ni kaɗai ina tura keke ina jan arabiyar kaya da ɗaya hannun. Abin da ya fi ɓata mata rai shi ne wajen biya, kuɗin a hannunta yake amma kashiya ni yake kallo ni yake wa magana sai kace ba ta wurin.

Yayana ya ce a daina kaita kawai tunda wahala ce, tun ranar da ta ji haka ta yi shiru ko abinci ba ta ci sosai. Dan Allah masu tsofaffi a gida da masu amfani da keke ya kuke yi? Akwai inda ake kai ƙara ne a kan irin wannan ƙofa?

Maman 'yan biyu, Jidda:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba Hajiya lafiya ya saka miki da alheri 'yar uwa. Ni abu ɗaya zan ce miki, lokaci. Kin ce duk ƙarshen wata kuke zuwa, toh nan ne matsalar, ranar 27 ake biyan albashin ma'aikatan gwamnati, daga ranar har kwana huɗu biyar kanti ba masaka tsinke kuma lokacin ne suke jibge kwalayen a hanya. Ki mayar da shi tsakiyar wata, Litinin ko Talata da safe kamar ƙarfe tara, zaki ga wurin fayau ma'aikatan ma suna da sukunin taimakonki. Daren Alhamis da Juma'a da ƙarshen Sha'aban kuwa ko kusa kar ki je da ita.

Baban Walid, direba:
Gaskiya ni ina bayan yayanki. Zafin Makka da yake haura digiri 45 ki sauko da tsohuwa mara lafiya daga kan dutse saboda shinkafa da mai? Yanzu komai a waya yake, ga manhajojin odar kaya irin su Nana da Ninja da HungerStation, mandub (ɗan aikensu) zai kawo har ƙofa, ko mai bakalar harar ku (shagon unguwarku) ki tura masa saƙo ya aiko yaro. In zaɓi take so ki je ke ki kira ta bidiyo ki nuna mata. Hutu take buƙata yanzu.

Mai keke daga Madina:
Baban Walid Allah ya ƙara girma, na san don tausayi ka faɗa amma ka yi haƙuri ban yarda da kai ba. Ni shan inna ta same ni tun ina ƙarami, a keke na girma a keke na yi aure, kuma na san abin da kalmar nan ta "zauna a kawo maka" take yi wa mutum. Farko a ce kanti wahala ne, gobe a ce biki wahala ne, jibi a ce ziyara wahala ce, kafin ka ankara ka shekara baka ga titi ba kuma kowa yana ganin gata yake maka. Hajiya ba shinkafa ta rasa ba, so take ta taɓa kaya ta juya shi ta ce wannan bai yi ba a canza, ta buɗe jakarta ta biya, ta dawo gida ta san har yanzu ita ce uwar gidan. Ni ma ina odar ruwa da buhun shinkafa ta waya don nauyi, amma kayan miya da nama da turare da kaina nake zuwa, kuma haka nake ba ki shawara 'yar uwa, ki raba cefanen biyu, masu nauyi a kawo gida, masu zaɓi ki kaita. Kin ga ba kya buƙatar arabiyar kaya ma, ƙaramin kwandon hannu ki ɗora mata a cinya ki sa tawul a ƙasa kar ya danne ta, hannuwanki biyu suna kan keke.

Maganar ƙofa kuma, kar ki tsaya wajen mai gadi, shi ba shi da iko da komai. Ki shiga ki ce mudir (manaja) kike nema ko mushrif (mai sa ido kan ma'aikata), ki gaya masa cikin mutunci mahaifiyarki a keke take kuma ku abokan cinikinsu ne na kullum, ki karɓi lambar da zaki kira kafin ku iso a buɗe ƙofar gefen tun kuna hanya, ki kuma roƙa a haɗa ku da ma'aikaci ɗaya ya riƙa sauko muku da kayan sama. Yawanci suna yi, mutanen nan suna jin nauyin tsoho. In ya ƙi ko ya yi ta miki bukra bukra (gobe gobe), ki ɗauki hoton ƙarafunan da gangaren ki kira 940 na baladiyya (hukumar gari) ko ki tura ta manhajar Balady, su ke da alhakin lasisin shaguna da yanayin ƙofofinsu. Ƙasar nan tana da hukumar kula da masu buƙata ta musamman tun 2018, a 2023 kuma aka fitar da dokar haƙƙinsu, saboda haka shiga wurin jama'a ba alfarma ake mana ba.

Masu fakin a wurin masu keke kuma tararsu daga riyal 500 zuwa 900 ce a wajen murur ('yan sandan hanya). Akwai katin sauƙaƙa fakin da ma'aikatar kwadago da walwalar jama'a ke bayarwa bayan an tantance lalurar mutum da rahoton likita, ki fara da karɓo rahoton a asibitin da ake duba ta.

Kashiya kuwa ga abin da matata take yi, in ya kalle ta sai ta ja da baya ta ce "shi ne mai kuɗin, yi masa magana". Ki gwada.

Wata baiwar Allah:
Hmm ni dai tsorona maganar kai ƙarar nan. Mu baƙi ne a ƙasar mutane, kar garin gyaran ƙofa ki jawo a fara tambayarki igama (takardar izinin zama) da kafili (wanda ya tsaya miki). Da yawa daga tsofaffinmu an haife su a nan amma takardu sai a hankali. Ki bi a sannu dan Allah.

Mai keke daga Madina:
Maganarki gaskiya ce baiwar Allah, shi ya sa na ce a fara da mudir. Wanda takardunsa ke da matsala ba sai shi ya kira ba, a samu maƙwabci ko ɗan uwa mai igama lafiyayya ko ɗan ƙasa ya tura hoton, ai ƙofar ba Hajiya kaɗai take hanawa shiga ba, har tsofaffinsu da masu keken jarirai.

Anti nas, Jidda:
Ni aikina kula da marasa lafiya a gida, bari na ƙara abin da ya shafi jikinta. Gangaren da kika ce ya miƙe, in zaku sauko ki juya keken ki sauko da baya, ke a ƙasa ita tana kallon sama, in kika sauko da ita ta gaba tana iya zamewa ta kife tunda ɓari ɗaya ba ƙarfi. Ki tattare mata abaya ki cusa ƙarƙashin cinya, na ga wadda gefen abayarta ya naɗe a taya ya finciko ta, sannan ƙafar da ba ta ji ki tabbata tana kan matakin keken don tana iya saukowa tana jan ƙasa ita bata sani ba. Duk inda kika tsaya ko na ɗauko gwangwani ɗaya ne ki ja birki. Kar wani ya ce zai taya ki hawa matakala mai tafiya da keke, ki nemi lifta ko a fasa. Ta ci abinci ta sha maganinta kafin ku fita, ki riƙe ruwa da dabino in tana da suga, ki kuma san inda banɗakin masu keke yake tun kuna shiga. Fitar nan in an yi ta da kula tana cikin magani, masu shanyewar jiki da yawa damuwa ce ke kwantar da su fiye da ciwon.

Dan Misfala:
Farashi da ba ta gani, ki ɗauki hoton takardar da waya ki buɗa mata shi ya yi girma ta karanta da kanta. Kuma ki duba fatura (rasit) kafin ku fita, in abin da aka cire ya saɓa da na jikin kanta 1900 ne lambar ma'aikatar kasuwanci. Bas ɗin Makka ma riyal 4 ne kuma akwai wurin keke a ciki in ba ku samu mota ba.

Mai tambaya:
Jazakumullahu khairan, wlh har hawaye na yi da na karanta maganar Malam na Madina, na karanta wa yayana ita ya yi shiru sannan ya ce a gwada na safen. Anti na gode, dama ta gaba nake saukowa da ita, zan gyara. Abin da ya rage min matakalar dutsenmu ce, da safe mazan gidan duk sun fita aiki ba mai taya ni sauko da ita, keken kuma na ƙarfe ne mai nauyi.

Maman Sultan, Rusaifa:
'Yar uwa kar wannan ya dame ki, ɗana yana turin arabiya (keken tsofaffi) a Harami da daddare, da safe yana gida kuma ya saba ɗaukar tsofaffi, shi da abokinsa zasu sauko miki da ita a kujera ranar Talata insha Allah ba sai kin ba su komai ba. Akwai kuma keke mai naɗewa mara nauyi na marigayiya surukata yana ajiye ba mai amfani da shi, taya ɗaya ce kawai ke buƙatar iska. Ki yi wa admin magana ya haɗa mu, ki gaya min ta wace hanya mota take iya shigowa harar ku.